Kokwambar Teku, Alda da Gawo: Masu Raya Ƙasa

A ƙasan tekun Indiya da na Fasifik akwai wata dabba marar ƙashin baya, kokwambar teku, musamman nau'in Holothuria scabra. Yashi take haɗiyewa, ta narkar da ruɓaɓɓen abin da ke cikinsa, ta mayar da shi tsaf tare da sinadaran da ciyawar ruwa ke rayuwa a kansu. A tudu kuwa akwai itacen alda, wanda ƙwayoyin Frankia na saiwarsa ke kamo naitirojin daga iska. Manoman Khonoma a jihar Nagaland ta Indiya sun daɗe suna sassare rassansa su bar gindin, don gona ta farfaɗo. Halitta daban, aiki ɗaya: raya ƙasa. Amma kasuwa jiki kawai take saye. Busasshiyar kokwamba na tsada a Sin, aka yi ta kwasarta har Papuwa Niyu Gini ta hana kamunta a 2009.

Manomin Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san irin wannan ma'aikaci a gonarsa, wato gawo. Shi ma saiwarsa na kamo naitirojin, har ya ɗara alda da hali guda: da damina yake zubar da ganye, sai gero da dawa su sami taki ba tare da inuwa ta danne su ba. Da rani ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa. Duk gawon da aka ƙone don gawayi, takin shekaru aka sayar a kuɗin buhu kaɗan.

Wani zai ce mai yunwa da rashin tsaro ya hana shi zuwa gona ba ya jiran itace ya girma. Gaskiya ne, kuma wajibi ne hukuma ta samar da tsaro da makamashin girki mai araha. Sai dai talakawan Maraɗi da Damagaram ne, bayan farin shekarun 1980, suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya tashi, har itatuwa suka dawo a kimanin hekta miliyan 5. Ba kuɗi aikin ya ci ba. Abin da ya ƙarfafa shi shi ne tabbacin cewa itacen na mai gona ne.

Wani kuma zai ce takin zamani ya wadatar. Takin yana ciyar da shukar bana, amma ba ya riƙe jigawa daga iska, ba ya ƙara mata laima. Don haka ya dace masarautu da ƙananan hukumomin arewacin Zamfara su hana sare gawo daga tushe, su bar wa mai gona ikon sassabe rassansa da cin amfaninsa.