Yadda Jirgin Ƙasa Ya Raya Agege

Agege ƙauyen Yarabawan Awori ne, mai gonakin goro da koko, kafin layin dogo daga Legas zuwa Ibadan ya ratsa ta a buɗe shi a 1901. Da dogon ya isa Kano a 1911, sai fatake Hausawa suka samu hanya: su sauke shanu, su ɗora huhunan goro a taragu zuwa Arewa. Inda suke yada zango nan ne unguwar Zango ta kafu, har aka naɗa Sarkin Hausawa. Yau jikokinsu na jin Yarabanci kamar Hausa.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Agege mutum kusan 460,000, amma gwamnatin Legas ta ce sun haura miliyan ɗaya.