Gudajin Jini da Ciwon Numfashi Mai Tsanani

A ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da ɓullar korona a ƙasar Gana. A birnin Ankara, daga Nima da Mamobi har Abossey Okai da ke kusa da asibitin Korle Bu, jama'a sun fi saninta da ciwon huhu. Amma haɗarin bai tsaya ga huhu ba, ya kai ga jini.

Idan ciwon ya tsananta, kumburi kan lahanta bangon jijiyoyi, jini ya yi gudaji, ya toshe hanya. Jiki kan narkar da gudajin, ya bar wani ɓurɓushi da ake kira D-dimer. Shi likita ke aunawa. Wani binciken da aka yi a Wuhan a 2020 kan majiyyata 191, waɗanda 54 daga cikinsu suka rasu, ya nuna wanda aka kwantar da awonsa sama da maikirogiram 1 a kowace mililita ya fi shiga haɗarin mutuwa.

Sai dai awon alama ce kawai. Juna biyu da tsufa da tiyata duk suna ɗaga shi, haka ma sikila, wadda ba baƙuwa ba ce a Gana. Shi ya sa likita kan duba numfashin majiyyaci da tarihinsa kafin ya yanke shawara kan allurar tsinka jini.