Zoben da ke ƙarƙashin cikin doki

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar Salla a Birnin Konni ko Illela, ko ya ga mahayan Dogarawa sun fito rakiyar ango, ya san inda ido yake zuwa. Jalala ake kallo, da tuntayen da ke lilo a goshin doki, da rawanin mahayi, da yadda akawal ko kili ke taka ƙasa ɗai-ɗai. Ba mai sunkuyawa ya leƙa ƙarƙashin cikin dabbar, inda majayi ya zagayo ya haɗu da zoben ƙarfe. Shi kuwa doki bai san launin jalala ba. Abin da ya sani shi ne wurin da ya matse shi, da wurin da ke gugarsa a kowane taku, da ƙarfen da ke cikin bakinsa.

Jikin doki ba ya zama wuri guda. Bayan kaka, lokacin da harawa ke jibge bisa rumfa, ga dusa, ga dawa, ga kanwa a ruwan sha, ingarma yakan cika ya yi ɓul-ɓul. Kafin a kai ƙarshen bazara, wajen Afrilu da Mayu, abinci ya yi tsada, zafi ya yi tsanani, sai ka ga haƙarƙari sun fito, naman da ke gefen ƙashin baya ya zube. Sirdin da ya zauna daram a watan Disamba yanzu yana rawa, majayin da ke kamawa daidai ya yi sako-sako. Ko a yini ɗaya ma akwai canji: doki yakan ƙanƙame jiki idan ana ɗaura masa sirdi, in ya ɗan taka sai ya saki, majayi ya sassauta. Shi ya sa tsofaffin mahaya ba sa ja gaba ɗaya. Sukan ɗaura, su ja dokin ya yi ƴan taku, sannan su ƙara. Saboda haka duk abin da za a ɗaura wa doki yana bukatar hanyar ƙarawa da ragewa, kuma wannan hanya ƴan ƙananan ƙarafa ne ke ba da ita.

Mafi daɗewa a wurinmu shi ne zobe da ƙulli. Ana ɗinke zobe a bakin majayi, a zura tsirin fata ko ƙiri a cikinsa, a mayar sama, a sake zurawa, a ja, a ƙulle. Kyawunsa shi ne ba shi da iyaka, ko ɗan kaɗan kake so ka ƙara za ka iya. Amma akwai abin lura a cikinsa. Kowane zagaye da fatar ta yi tsakanin zobba yana ƙara wa hannun mai ja ƙarfi, har yaro ɗan shekara goma sha biyu ya iya matse ƙirjin ingarma fiye da kima bai sani ba, don shi a hannunsa bai ji nauyi ba. Akwai kuma zobba biyu da ake ɗinkewa wuri guda: fata ta ratsa dukansu, ta juyo ta bi tsakaninsu, yadda duk lokacin da aka ja, zobban ne ke danne ta su hana ta zamewa. Irinsa ne a igiyar hular kwanon masu babur.

Sai ƙarfe mai harshe, irin na kan ɗamarar wando, wanda harshensa ke shiga hudar da aka yi a fata. Wannan ya fi sauri, kuma yana da wata fa'ida da ban cika jin ana ambata ba: yana riƙe lissafi. Mai doki da ya saba ɗaurewa a huda ta huɗu, ranar da ya ga sai ya kai ta shida kafin majayi ya kama, ya san dokinsa ya rame ko da idonsa bai nuna masa ba. A fatar likkafa ma hudoji ne ke tabbatar da cewa dama da hagu tsawonsu ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya, mahayi zai karkata, nauyinsa ya taru a gefe guda na bayan doki tun daga Dogarawa har Galmi, kuma gefen nan ne zai kumbura da dare. Raunin ƙarfe mai harshe a hudar yake, nan fata ke fara yagewa, musamman in da wuƙa aka tsaga ta maimakon a huda ta zagaye.

Dalilin da ya sa ƙaramin kuskure ke zama miki ba ɓoyayye ba ne. Nauyi in ya bazu a wuri mai faɗi, jiki yana ɗauka. In ya taru a wuri ƙanƙani, sai ya danne ƙananan hanyoyin jini da ke ƙarƙashin fata. A ɗauki igiyar roba mai kaurin santimita 1 da ɗamara mai faɗin santimita 5, a ja su da ƙarfi ɗaya: abin da kowane ɗan yanki na fata ke sha a ƙarƙashin igiyar ya ninka na ɗamarar kusan sau biyar. Naman da jini ya daina isa gare shi na tsawon sa'o'i yakan mutu. Abin da ya yi sako-sako kuma tasa ɓarnar daban ce, guga yake yi, ga gumi, ga rairayi ya shiga tsakani, sai gashi ya tafi, fata ta saluɓe. Matsewa da sassautawa duka suna kai wa ga gyambo, tsakaninsu kuwa wani lokaci huda ɗaya ce tak.

A baki abin ya fi tsanani. Tsakanin haƙoran gaba na doki da turamensa akwai fili da babu haƙori, dasashi ne kawai a kan ƙashi, nan linzami ke zama. Linzaminmu na gargajiya, irin wanda aka sani tun daga Arewacin Afirka har ƙasar Hausa da Barno, yana da ƙarfe mai tudu da ke kwance bisa harshe, da zobe da ke zagaye haɓar ƙasa. In aka ja kamazuru, tudun ya tashi ya taɓa ganda, zoben ya matse haɓa. Da shi ne mahayi ke tsayar da doki cak yana tsakiyar sukuwa a gaban sarki, kuma a hannun gwani ɗan motsin yatsa ya isa. Amma zoben a ƙere yake, ba a ƙara shi ba a rage shi. Linzamin da aka ƙera wa babban ingarma in aka sa wa ƙuru, ko na ƙuru aka cusa wa ingarma, sai ka ga kumfar baki ta yi ja. Hausawa sun ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, to ko tsakanin dawaki ma baki ya bambanta. Abin da za a iya daidaitawa shi ne fatar da ke riƙe linzamin daga ka: in ta yi tsawo ƙarfe ya riƙa bugun haƙora, in ta gajarta ya tsage gefen leɓe. Haka abin da ke zagaye hanci. Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, ba ya iya shaƙa ta baki kamar mutum ko kare, don haka ragamar da ta sauko ta danne taushin hanci iska take rage masa. A 2025 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta fara aiki da wani ɗan ma'auni da ake zurawa ƙarƙashin ɗamarar hanci a wuraren gasa, in bai shige ba sai an sassauta.

Kalmomin kansu suna faɗin inda kayan suka fito. Sirdi, linzami da likkafa duk daga Larabci Hausa ta aro su, alamar cewa ta hanyar fataucin Sahara suka iso. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, da cewa shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Mutum mai sanye da irin wannan nauyi ba ya zama bisa doki sai da sirdi mai ƙarfi da majayin da ba ya cin amana. Kayan sun zauna har sun shige cikin maganar yau da kullum: wanda bai taɓa hawa doki ba ma yakan ce likkafar wane ta ci gaba, ko a ja wa yaro linzami, ko a ƙara ƙaimi, ko wane ya karɓi ragamar mulki.

Sai dai in ana maganar dabbar da ta fi shan wahalar maɗauri a ƙasar Malbaza a yau, ba dokin sarauta ba ne. A Senegal doki ne ke jan amalanke da injin shuka. A nan jaki da shanu ne ke wannan aiki. Lokacin cirar albasa a Galmi da sauran fadamun kwarin Majiya, amalanke ba ta hutawa, daga lambu zuwa rumbu, daga rumbu zuwa bakin babbar hanyar da ta taso daga Konni ta nufi Madawa, inda manyan motoci ke lodi. Jikin amalanken aikin ƙarfe ne mai kyau; ma'aikatu irin ACREMA ta Tawa sun daɗe suna ƙera ta, masu walda na garuruwa kuma sun ƙware. Amma a dubi abin da ya haɗa ta da jakin: tsohon buhu a baya, yankin taya ko igiyar roba a ƙirji, waya a inda ya tsinke. An kashe kuɗi mai yawa a kan ƙarfe da tayoyi, an bar wurin da ya taɓa mai rai ba ko zobe ɗaya. Wannan abu yana ci mini rai, domin gyaransa bai kai kuɗin taya guda ba.

Ɗamarar ƙirji tana da wurin zamanta, sama da gaɓar kafaɗa, ƙasa da maƙogwaro. In ta hau, tana shaƙe dabba daidai lokacin da take ja da ƙarfi. In ta sauka, tana hana kafaɗa motsi. Abin da ke riƙe ta a wurin shi ne ƴar fatar da ta haye wuya, wadda dole a iya ƙara ta ko a rage ta, tunda jakin gida ɗaya ba girman na maƙwabci ba ne, kuma amalanke aro ake yi. Mutanen Sin sun gane wannan tun fiye da shekaru dubu biyu da suka wuce, suka sauke maɗauri daga wuya zuwa ƙirji. Akwai kuma ɗamarar da ya kamata ta zagaya bayan cinyoyi, ita ce birkin amalanke. Ƙasarmu ta Adar ƙasar tudu da gangare ce. In babu wannan ɗamara, duk gangaren da aka sauka kaya ne ke tura sirdin gaba ko amalanken ta bugi jakin ta baya. Gefen da ake ja kuma ƴar sarƙa da ƙugiya sun wadatar, a matsa ido ɗaya gaba ko baya har tsawon ɓangarorin biyu ya zo daidai.

Ba kowane ƙarfe ya dace ba. Gumin doki da jaki yana da gishiri, gishiri da damshi kuwa su ne abincin tsatsa. Zoben baƙin ƙarfe yana da ƙarfi, amma in ya yi tsatsa sai ya yi kaushi ya riƙa cin fatar da ke cikinsa har ta tsinke, sau da yawa ana tsakiyar tafiya. Yana son a goge shi a shafa masa mai. Tagulla ba ta irin wannan tsatsa, shi ya sa ta daɗe a kayan doki. Sanholon da ake narkawa a zuba tukwane da shi yana da kyau a ado, amma zubinsa yakan karye farat ɗaya ba gargaɗi, bai kamata a dogara da shi a majayi ko likkafa ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913, sinadarin kuromiyom ne ke kare shi. Ya fi duka, sai dai tsada. Na kasuwa masu ƙyalli da arha galibi fenti ne a kan siririn ƙarfe, damina ɗaya ke tona su. Waya kuwa ba ta da wuri a jikin dabba ko kaɗan. Hudar da take yi ƙarama ce mai zurfi, irin wadda ƙwayar cutar tetanos ke so, ƙwayar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, doki kuma yana cikin dabbobin da wannan cuta ta fi kayarwa. Baƙin man mota da wasu ke shafawa a miki ba magani ba ne, ƙona naman yake ƙara yi.

Masu iya wannan aiki suna nan kusa. Adar ƙasar maƙera ce tun kafin rodi da ƙarfen mota su zo. A shekarun 1960 wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran yankin har ta ɗauki fim ɗin yadda suke narka tama. Jikokin waɗanda suka fitar da ƙarfe daga dutse ba za su gaza lanƙwasa zobe su sa masa harshe ba. Dukawa suna nan, ga jima da bagaruwa, ga jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi don ado, ga kaurin fatar sa don wurin ɗaukar nauyi. A Ingila garin Walsall da wannan sana'a ta linzami da likkafa da ƙarafan sirdi ya yi suna, har ƙungiyar ƙwallon garin ake kira da sunan masu sirdi. Abin da ya rage a wurinmu shi ne mai dabba ya nema. Maƙeri abin da ake tambaya yake ƙerawa. In mai amalanke ya zo da jakinsa ƙofar maƙera ya ce a auna, za a auna. Aikin bai wuce a zaɓi rodi mai kauri daidai ba, a haɗe bakin zoben da walda don kada ya buɗe, a bi shi da magagari har yatsa ya zagaya bai ji kaifi ba, baduku kuma ya sa ƴar fata a ƙarƙashinsa yadda ƙarfe ba zai taɓa jiki kai tsaye ba, ya jera hudoji da tazarar santimita 2 zuwa 3.

Dabbar da kanta tana nuna inda gyara yake, in aka duba ta lokacin da aka sauke kaya da yamma. Bayan da sirdi ya zauna daidai yakan jiƙe da gumi bai ɗaya. In aka ga wani ɗan wuri a bushe a tsakiyar jiƙaƙƙen gashi, ko ya yi zafi, ko dabbar ta noƙe da aka shafa, nan ne ya matse. Farin gashi da ya tsiro a bayan akawal ko a ƙirjin jaki tabon tsohon dannewa ne. Da safe in an ɗaura, tafin hannu ya iya shiga tsakanin majayi da haƙarƙari da ɗan ƙyar, yatsu biyu kuma su shige ƙarƙashin abin da ya zagaye hanci.