Saukar Fatar Ido da Hanyoyin Magance Ta

Fatar ido ta sama tana ɗagawa ne da ƙarfin wata siririyar tsoka da ta taso daga can cikin kwarmin ido, wadda take karɓar umarni daga ta uku cikin jijiyoyi 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa, sannan a ƙarƙashinta akwai wata ƙaramar tsoka da take ƙara ɗagawar da kimanin milimita 2. A lafiyayyen ido, fatar ba ta rufe fiye da milimita 1 zuwa 2 na saman baƙin ido, kuma idan ta sauko ta wuce haka, shi ne abin da likitoci suke kira tosis. Tun da dalilan saukar suna da yawa, ba a maganar magani sai an gano musabbabin.

A wajen dattawa, galibi tantanin da ya haɗa tsokar da fatar ne yake saki saboda shekaru, ko bayan tiyatar yanar ido, kuma irin wannan ba ya bukatar gaggawa. Amma idan fatar ta faɗi farat ɗaya, tare da ciwon kai da ganin abu bibbiyu, musamman in ɗigon tsakiyar idon ya buɗe fiye da na ɗan'uwansa, to asibiti ya kamata a nufa a ranar, domin mai yiwuwa wata jijiyar jini ce ta kumbura a cikin kai ta danne jijiya ta uku. Ciwon sukari da hawan jini su ma sukan taɓa wannan jijiya, sai dai nasu yakan warware cikin kimanin wata 3. Wanda kuwa yake tashi da safe garau, amma kafin magariba idonsa ya lumshe, akan yi masa zaton mayasteniya, cutar da ke hana saƙon jijiya isa ga tsoka, kuma da ƙwayoyi ake fara yi mata magani, ba da wuƙar tiyata ba.

Inda jinkiri ya fi yin ɓarna shi ne wajen yaron da aka haifa da matsalar. Irin wannan yaro akan gan shi yana ɗaga haɓa sama, yana tattare goshi, yana leƙen duniya ta ƙasan fatar, iyaye kuwa sau da yawa sukan ce halittarsa ce, ko su ce zai daidaita in ya girma. Abin takaicin shi ne ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne a shekarun farko, zuwa wajen shekara 7 ko 8, kuma idon da aka tare wa haske a wannan lokaci yakan zama rago, ta yadda ko an ɗaga fatar daga baya ganin ba zai cika ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan fatar ta rufe tsakiyar ido, tiyata da wuri ita ce mafita. Idan ba ta rufe ba, ana iya jira zuwa shekara 3 ko 4, muddin ana auna ganin yaron a kai a kai. Kwalli da tofi ba sa gina tsokar da ba ta ginu ba tun a ciki.

Kafin tiyata, likita yakan danne girar majiyyaci da babban yatsa, ya ce ya dubi ƙasa sannan ya dubi sama, ya auna tafiyar fatar da 'yar rula. Lafiyayyiyar tsoka takan kai milimita 15. Idan da sauran ƙarfi, sai a tsaga ta kan layin naɗin fatar a gajarta tsokar ko a mayar da tantaninta mazauninsa, kuma ga manya akan yi aikin da allurar kashe zafi kawai, har a ce su buɗe ido don a daidaita shi da ɗayan. Idan kuwa tafiyar ba ta wuce milimita 4 ba, sai a rataye fatar a jikin tsokar goshi da zaren silikon ko da tantanin da aka yanko daga cinyar majiyyacin, ya zama da gira yake buɗe ido. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan ido na asibitocin koyarwa su ne wuraren da ya dace a nemi irin wannan aiki.

Akwai kuma hanyoyin da ba na tiyata ba, ko da yake amfaninsu taƙaitacce ne. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin ɗigawa mai suna Upneeq, wanda yake motsa ƙaramar tsokar nan ta ɗaga fatar da kimanin milimita 1 na wasu sa'o'i, saboda haka manya masu 'yar sauka kaɗan kawai yake yi wa amfani. Ga tsohon da jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba, akan maƙala wata 'yar waya a jikin tabarau ta tokare fatar.

Wajibi ne majiyyaci ya san cewa bayan tiyata, musamman ta rataya, idon yakan ƙi rufuwa ruf a lokacin barci, wani lokaci ma sai an sake aikin kafin idanun biyu su daidaita. Don haka ake ba da man ido na shafawa da daddare, kuma bai kamata a yi sakaci da shi ba, balle da hunturu, lokacin da ƙura da busasshiyar iska suke iya jawo gyambo a baƙin idon da ya kwana a buɗe.