Fina-finan Gwaraza a Hollywood: Musabbabin Bunƙasarsu da Dalilan Ja da Bayansu

Fina-finan gwaraza, wato waɗanda ake gina labarinsu a kan mutanen da ƙarfinsu ya zarce na ɗan Adam, kuma aka ciro akasarinsu daga mujallun labaran zane na kamfanonin Marvel da DC, sun shafe sama da shekara goma suna jan ragamar kasuwar sinima ta duniya. Zamaninsu ya kankama ne a 2008 da fitowar Iron Man, ya ƙara ƙarfi bayan Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan dala biliyan 4 ko kusa da haka, sannan ya kai ƙololuwa a 2019, lokacin da Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8.

Ginshiƙin wannan nasara shi ne sarƙa labarai, inda kowane fim yake zama babi guda na wani dogon labari, har ta kai ɗan kallo ba ya barin kujerarsa sai sunayen ma'aikata sun gama wucewa, domin ya ga guntun fagen da ake saƙalawa a ƙarshe, mai nuna inda labarin ya dosa. Ta haka kowane fim ya zama talla ga mai bi masa, kamfanoni kuma suka samu cinikin da za a iya lissafa shi tun kafin a fara ɗauka.

Sai dai dabarar da ta ɗaukaka su ita ce ta koma musu kaya. Daga 2021 Marvel ya shiga zuba shirye-shirye masu dogon zango a dandalin Disney+, wanda ake kallo a gida ta intanet, don haka wanda bai bi su ba sai ya tarar labarin ya yi masa nisa. Misali mafi bayyana shi ne The Marvels na 2023, wanda biyu daga cikin jarumansa uku a waɗancan shirye-shirye aka gina labarinsu, ya kuma tara dala miliyan 206 kacal, adadi mafi ƙanƙanta a tarihin jerin fina-finan Marvel. Asara ce babba, domin gidajen sinima kan riƙe kimanin rabin kuɗin tikiti. Ga kuma annobar korona da ta sabar wa mutane jiran fim a gida, ga ƙasar Sin da ta yi sama da shekara uku ba ta nuna sabbin fina-finan Marvel ba, har zuwa farkon 2023.

Duk da haka, cewa jama'a sun ƙosa da gwarazan kansu bai dace da alƙaluma ba, tun da Spider-Man: No Way Home ya tara kimanin dala biliyan 1.9, Deadpool & Wolverine kuma ya haura biliyan 1.3 a 2024. Abin lura shi ne dukansu biyu sun dogara ga dawo da tsofaffin 'yan wasa, alamar cewa begen abin da aka sani ne ke cika kujeru, ba sabbin fuskoki ba.

Tasirin wannan zamani ya wuce fina-finan kansu. Jari ya taru a kan manyan ayyuka kaɗan, fina-finan matsakaicin kasafi suka rasa gurbi a sinima, abin da darakta Martin Scorsese ya koka da shi a 2019 sa'ad da ya kamanta fina-finan Marvel da wuraren wasanni na shaƙatawa. Ma'aikatan siddabarun hoto na Marvel, masu haɗa tashi sama da rushewar birane a kwamfuta, sun zaɓi shiga ƙungiyar ƙwadago a 2023 saboda yawan aiki. Shi kansa Disney ya rage hannu, domin fim ɗaya tak Marvel ya kai sinima a 2024, wanda ke nuna kamfanin ya gane cewa yawa da tilasta bin kowane babi ne suka rage darajar hajarsa.