Ƙa'idojin Amfani da Intanet da Hayar Masaukin Shafi

Intanet ta shiga harkokin yau da kullum na mutanen gundumomin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Ilela, a cikin jihar Tawa. Mai albasa a Galmi yana aika hoton buhunansa ga mai saye a Abijan ko Akara tun kafin mota ta tashi. Iyaye suna jin muryar ƴaƴansu da suka tafi cin rani. Ana aika kuɗi kuma ana karɓa ta waya. Amma duk wanda ya sayi layi, ko ya yi hayar wuri a intanet, ya shiga yarjejeniya da kamfani, ko ya karanta ta ko bai karanta ba. Babban abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan: duk abin da ya fita ta layinka, da sunanka ya fita, kuma kai za a tambaya.

Ma'anar wasu kalmomi

Kamfanin sadarwa shi ne wanda yake sayar maka da hanyar shiga intanet. A Nijar akwai Airtel da Moov, da Zamani wanda ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019, da Niger Telecom wanda aka kafa a 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom. A 2025 kamfanin Starlink, mai aiki ta tauraron ɗan adam, shi ma ya fara aiki a ƙasar.

Data ita ce ma'aunin abin da ka aika da abin da ka karɓa. Kamar yadda ake auna hatsi da tiya, haka ake auna data da mega da giga. Bidiyo yana cin data fiye da hoto, hoto kuma ya fi rubutu ci.

Masaukin shafi wuri ne da ake haya a cikin wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana. A can ake ajiye rubutu da hotunan shafin intanet domin kowa ya iya ganinsu daga ko'ina. Yana kama da rumfar haya a kasuwa: kayan naka ne, amma rumfar ta mai ita ce, kuma yana da sharuɗɗansa.

Sunan adireshi shi ne sunan da ake rubutawa domin a iske shafinka. Adireshin da ya ƙare da .ne na Nijar ne, wanda ya ƙare da .ng kuma na Najeriya ne.

Me ya sa ake kafa ƙa'idoji?

Hanyar intanet ba ta mutum ɗaya ba ce. Dubi gandun noman rani na Ƙwanni, inda ruwan madatsun Mozage da Zongo yake bin magudanar ruwa guda zuwa gonaki masu yawa. Idan wani ya buɗe ruwa ba a ranar rabonsa ba, na ƙasa da shi zai rasa. Idan wani ya zuba ƙazanta a magudanar, kowa zai sha wahala. Haka intanet take. Mutanen unguwa guda suna amfani da turken sadarwa guda. Shafuka da yawa suna zaune cikin kwamfuta guda. Ɓarnar mutum ɗaya tana iya rage saurin layin maƙwabtansa, ko ta sa a daina karɓar wasiƙun duk waɗanda suke masauki ɗaya da shi. Saboda haka ne kamfani yake rubuta ƙa'idoji, kuma yake ba kansa ikon rufe layi ko shafin wanda ya karya su.

Lokacin da ka sa hannu a takarda, ko ka danna wurin da aka rubuta cewa ka yarda, ka ɗaure kanka da waɗannan sharuɗɗa. Yawancinsu da Faransanci ake rubuta su. Kada kunya ta hana ka neman malaminka na yaƙi da jahilci, ko wani amintacce, ya karanta maka ya fassara kafin ka amince.

Layinka sunanka ne

Ana yi wa kowane katin waya rajista da takardar shaidar mai shi. Ban da haka, duk na'urar da ta shiga intanet ana ba ta wata lamba, kuma kamfani yana iya sanin layin da ya yi amfani da ita da kuma lokacin. Idan aka aikata laifi, hukuma tana bin wannan sawu har zuwa kan wanda sunansa yake jikin rajista. Don haka:

1. Kada ka yi wa wani rajistar layi da takardarka, ko da ɗan'uwanka ne. Kowa ya yi da tasa.

2. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi masa rajista da sunan wanda ba ka sani ba.

3. Kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka, ko lambar da aka aiko maka ta saƙo. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri.

4. Kada ka zaɓi lambar sirri mai sauƙin ganewa, kamar 1234 ko shekarar haihuwarka.

5. Idan wayarka ta ɓace ko an sace ta, je ofishin kamfani ba tare da jinkiri ba domin a rufe layin.

6. Idan ka yi amfani da kwamfutar shagon intanet ko wayar wani, fita daga asusunka kafin ka tashi.

Idan kana da na'urar waifai a gida ko a shago, sa mata kalmar sirri, kuma ka riƙa canza ta. Wanda ya shiga ta na'urarka ya yi zamba, layinka za a fara gani. Idan kuma kana so ka riƙa sayar wa jama'a intanet daga layinka, tambayi kamfani tukuna. Layin da aka sayar domin amfanin gida sau da yawa ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba sai da wata yarjejeniya ta dabam.

Abubuwan da kamfanoni suka hana

Kalmomin yarjejeniya suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma kusan dukansu sun hana waɗannan abubuwa:

Aika saƙon talla ga ɗimbin mutanen da ba su nema ba.

Zamba, kamar yi wa mutane alkawarin aiki ko biza ko tallafi na ƙarya domin a karɓi kuɗinsu.

Shiga asusun wani ko kwamfutarsa ba da izininsa ba.

Yin amfani da sunan wani mutum ko na wata hukuma kamar kai ne shi.

Yaɗa manhaja mai cutar da na'urori.

Ajiye ko rarraba hotunan batsa na yara.

Sayar da fim ko waƙa ko littafin wani ba tare da yardar mai shi ba.

Barazana da cin mutunci da tunzura wata ƙabila ko mabiya wani addini a kan wasu.

Akwai kuma sharaɗin yin amfani daidai wa daida. Ko da an ce datar ba ta da iyaka, sau da yawa akwai ma'aunin da idan ka wuce shi za a rage maka sauri. Tambayi wannan ma'auni kafin ka biya.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Hukuncin kamfani shi ne rufe layi ko shafi. Hukuncin ƙasa ya fi wannan nauyi. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33, ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda take hukunta laifukan da ake yi ta intanet. A 2022 an yi mata gyara, aka cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi. A watan Yuni 2024 aka sake gyara ta, aka mayar da ɗaurin. Bisa gyaran 2024, ɓata sunan mutum ta intanet yana iya jawo ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a ko ya zubar da mutuncin ɗan adam yana iya jawo ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar sefa miliyan 2 zuwa 5.

Lura da kyau: dokar ba ta tsaya kan wanda ya ƙirƙiri saƙo kaɗai ba. Ta haɗa da wanda ya yaɗa shi. Tura saƙon murya ko bidiyo zuwa zauren WhatsApp ko Facebook yaɗawa ne. Cewa "ni ma turo mini aka yi" ba ya wanke mutum. Magana zarar bunu ce, kuma a intanet saƙon da ya fita yana iya kai wa dubban wayoyi kafin faɗuwar rana. Kafin ka tura, tambayi kanka: Wa ya faɗi wannan? Na tabbata gaskiya ne? Wa zai cutu idan ƙarya ne? Idan ba ka da amsa, bar shi a wayarka.

Tun 2017 kuma Nijar take da dokar kare bayanan mutane, kuma akwai hukuma mai suna HAPDP da take kula da wannan. Sunan mutum da lambar wayarsa da hotonsa da labarin rashin lafiyarsa amana ne. Ba a baza su ba tare da yardarsa ba.

Idan ƙungiyarku tana son buɗe shafi

Ƙungiyar manoman albasa, ko ta mata masu sana'a, ko makaranta, tana iya buɗe shafi domin a san aikinta. Kafin ku biya kuɗin masauki, ku kula da waɗannan:

Ku yi rajistar sunan adireshi da sunan ƙungiya, ba da sunan yaron da ya gina muku shafin ba. Idan ya yi tafiya ko kuka sami saɓani, shafin zai tafi da shi.

Ku rubuta ranar da haya za ta ƙare a littafin ƙungiya. Yawanci ana sabunta sunan adireshi shekara-shekara. Idan ba ku biya ba shafin zai rufe, bayan wani lokaci kuma wani yana iya sayen sunan.

Mutum biyu amintattu su riƙe kalmar sirri, kuma a canza ta duk lokacin da aka canza shugabanni.

Ku ajiye kwafin duk abin da yake shafin a wani wuri dabam. Kamfanoni da yawa suna rubutawa a yarjejeniya cewa ba su da alhakin abin da ya ɓace.

Ku riƙa sabunta manhajar shafin. Shafin da aka yi watsi da shi kamar kango ne, ɓarayi suna shiga su yi amfani da shi wajen zamba. Idan haka ta faru, kamfanin masauki ku zai rufe wa shafi, ko da ba ku san abin da ake yi ba.

Kada ku sa jerin sunayen membobi da lambobin wayarsu inda kowa zai gani. Ku nemi izini kafin ku sa hoton mutum. Idan yaro ne, ku nemi izinin iyayensa.

Ku faɗi gaskiya game da kayanku: nauyin buhu, da iri, da farashi. Amincin ƙungiya shi ne jarinta.

Ku tambayi ƙasar da kwamfutar masaukin take. Da yawa suna Faransa ko Amurka, kuma yarjejeniyar takan ambaci dokar ƙasar da za a bi idan an sami saɓani.

Zama a bakin iyaka

Birnin Ƙwanni tana dab da garin Ilela na jihar Sakkwato a Najeriya, wanda ba shi ne Ilela ta jihar Tawa ba. Mutane da yawa suna riƙe da layin ƙasashen biyu. Kowane layi yana ƙarƙashin ƙa'idojin kamfaninsa da dokar ƙasarsa, kuma Najeriya ma tana da dokar laifukan intanet tun 2015. Amfani da layin wata ƙasa ba ya fitar da kai daga dokar ƙasar da kake zaune. Haka kuma, a kusa da iyaka waya tana iya kama turken ƙasar maƙwabta da kanta, kuɗin kira da na data su ƙaru. Duba sunan kamfanin da yake saman fuskar wayarka kafin ka buɗe data.

Kai ma kana da haƙƙi

Yarjejeniya tana ɗaure ɓangare biyu ne. Kana da haƙƙin sanin farashi da yawan data da ranar ƙarewarta kafin ka saya. Kana da haƙƙin a kiyaye sirrin bayananka. Idan an cire maka kuɗi ba dalili, ko an rufe maka layi ba ka san laifinka ba, fara kai kuka ofishin kamfani. Riƙe rasit da saƙonnin da aka aiko maka, ka rubuta ranar da abin ya faru. Idan ba a share maka hawaye ba, akwai hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 domin sa ido kan kamfanonin sadarwa da gidan waya. Idan kuwa zamba aka yi maka, ko ana yi maka barazana, kada ka goge saƙonnin. Kai su wurin ƴan sanda ko jandarma, domin su ne shaidarka.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Da sunan wa aka yi rajistar layin da kake amfani da shi? Akwai wani da yake riƙe da layi mai sunanka?

2. Idan aka turo maka saƙon murya mai zargin wani da sata, me za ka yi kafin ka tura wa wasu?

3. Idan ƙungiyarku ta buɗe shafi, su wa za su riƙe kalmar sirri, kuma wa zai tuna ranar biyan haya?

Rigakafi ya fi magani. Duba rajistar layinka a wannan mako, canza lambar sirrinka idan wani ya san ta, kuma ka koya wa mutanen gidanka abin da ka karanta.