Lambar Wayarka Taka Ce, Ba Ta Kamfani Ba

A da can, duk wanda ya ji lambar wayar salula ta fara da 024 ya san layin MTN ne. 020 na Vodafone ne, 027 na Tigo, 026 kuwa na Airtel. To jama'a, wannan lissafi ya daina aiki tun ran 7 ga Yuli, 2011, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCA, ta ba kowa damar ya ƙaura daga wani kamfani zuwa wani tare da lambarsa. Gana ta riga Nijeriya a wannan fanni, don can sai a watan Afrilu na 2013 aka fara.

Ga mutumin zango wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai sayar da goro a Kumasi, ko tela a Nima, lambarsa ita ce ƙofar shagonsa. Tana hannun abokan ciniki, tana jikin allon shago, tana kuma wurin dangi a Kano da Yamai, masu kira da 233 a gaba. Tsoron rasa ta shi ya sa mutane da yawa suka haƙura da layi mai tsada ko mai yawan yankewa.

Hanyar ba ta da wuya. Ba sai ka sallami tsohon kamfaninka ba. Ofishin sabon za ka je da wayarka da katin shaida, ka aika ɗan gajeren saƙo daga tsohon layin don tabbatar da kai ne mai shi, su ba ka sabon sim. Amma fa a lura: kuɗin kira da suka rage ba sa bin ka, haka ma asusun kuɗin waya. Kwashe abinka tukuna.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen tura kuɗi. Kamfanonin ma sun sake suna: Airtel da Tigo sun haɗe a 2017, suka koma AT a 2023, Vodafone kuma ya zama Telecel a 2024. Mai 024 yana iya kasancewa ya bar MTN tun tuni. Saboda haka kafin ka danna, tambayi mai lambar layin da yake kai, ka kuma karanta sunan da ya fito a fuskar waya. Dattawan da ba sa karatun boko su sa yaro amintacce ya duba musu.